Shari'ar Baba da Jirgin Taliyani

Na karanta labarin dauloli da dama, na kuma koyar da shi ga yaran da ba su roƙi a koya musu ba, amma ban taɓa cin karo da daular da ta iya tattara komatsanta ta tashi cikin tsari kamar tsohon Bahaushe idan ya ji a jikinsa tafiya ta matso ba. Rumawa sun watse sun bar hanyoyi babu mai shara. Turkawa sun fita daga Jidda sun bar igwa tana tsatsa a bakin ganuwa. Shi kuwa tsohon Bahaushe ko allura ba ya bari a hannun da ba nata ba. Zai mai da askar da ya ara tun yana da gashin askewa, ya faɗi wanda zai gaji butarsa, sannan ya ɗauki sanda ya bi gida-gida yana neman gafara, yana kuma raba tasa ga waɗanda suka nema da waɗanda ba su ma san sun yi laifi ba.

Haka mahaifina ya yi a farkon shekarun sittin, lokacin ina koyar da labarin ƙasa da lissafi a wata makarantar firamare a unguwar Bagdadiyya, a birnin Jidda. Muna zaune a unguwar Karantina, a gidan katako da kwano, mu uku: shi, da ƙanwarsa wadda nake kira Gwaggo, da ni. Ƙirjinsa ne ya gaji. Shekarun da ya yi yana ga-ruwa, garwa biyu a sanda yana hawa benayen tsohon gari, da waɗanda ya yi yana dako a tashar jiragen ruwa bayan famfo ya kashe musu sana'a, duk suka taru a tari guda suka zauna masa.

Ya fara da maƙwabta. Ya nemi gafarar mai gurasar bakin layi, wanda ya taɓa zagi da Hausa a kan ya ba shi ƙonanniya. Mutumin bai ji zagin ba a lokacin, sai da Baba ya fassara masa shi tukuna sannan ya yafe. Ya yafe wa matar da akuyarta ta cinye masa rawani. Har mai jirgin ruwan da ya ƙetaro da su daga Sudan, ya sauke su a wata gaɓa da babu kowa ya ce musu ga Jidda can bayan tudu, alhali tafiyar kwanaki ce a ƙafa, shi ma ya samu rabonsa, ko da yake Gwaggo ta ce ita nata yana nan.

Wata rana bayan la'asar muna shan shayi a ƙofar ɗaki sai ya ce, "Saura mutum ɗaya."

"Wa ke nan, Baba? In a Makka yake sai in nemo mota."

"Wanda ya jefo abin nan."

A gidanmu abin nan abu ɗaya ne. Iyayena sun taso daga ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar Hajji, su da Gwaggo tana budurwa. Hanya ta ci shekaru, kamar yadda ta saba ci wa mutanenmu: a yi noma a nan, a yi dako a can, a matsa gaba. A Kasala suka yada zango mai tsawo, a can aka haife ni, a can kuma yaƙin Turawa ya same su. Taliyani suna bayan duwatsu ta gabas. Wata safiya mahaifiyata ta ɗora tiren gyaɗa a ka ta nufi tashar jirgin ƙasa, inda sojoji ke saye. Jirage suka zo. Baba yana ƙasan wata rijiya yana yasa, bai ga komai ba sai ɗan da'irar sama a bisa kansa, ƙasa kuma tana zubo masa a wuya. Kafin a jawo shi an gama. Gwaggo ce ta je ta tattaro abin da aka binne, kuma ba ta taɓa faɗa mini yawansa ba. Ni a lokacin ban wuce a goya ni a gefe ba. Ban riƙe fuskarta ba, ban riƙe muryarta ba. Sunanta ma a bakin Gwaggo na ji shi, domin Baba bai taɓa furta shi ba, kamar yadda bai taɓa furta nawa ba, ni ɗan fari. Ita "uwar wannan" ce, ni kuma "kai", ko "Malam" idan yana son ya tsokane ni.

Baba ya yi zaman karatu a zauruka a kan hanya, ya san fiƙihu daidai na mai dako, wato kaɗan amma a riƙe da kyau. Ya ce, "Ni miji ne. Miji ba ya cikin masu jini, masu haƙƙin yafe kisa, haka malamai suka ce. Nawa ɓacin rai ne kawai. Jinin naka ne."

"To na yafe, Baba."

Ya dube ni yadda nake duban yaron da ya ba da amsa daidai alhali na san a littafin na kusa da shi ya leƙo ta.

"Da sauri haka? Sai ka ce an taka maka takalmi a ƙofar masallaci."

Ya kurɓi shayi, ya yi tarinsa har ya gama, sannan ya shimfiɗa mini mas'alar. Kisa iri biyu ne. Akwai na kuskure, kamar maharbin da ya auna barewa ya sami mutum a bayan kargo. Wannan ana yafe shi, a wuce. Akwai kuma na ganganci. Idan mutumin nan ya gan ta, ya ga mace da tire a ka, ya saki abinsa duk da haka, to shi Baba bakinsa ba zai iya furta yafiya ba, ko ya furta zuciyarsa za ta ƙaryata shi, kuma sai dai a tsaya gaban Allah.

"Kuma tsayuwar nan ba shi kaɗai zai yi ta ba," in ji shi. "Za a taso ta, a taso ni, a taso ka. Matar da ta tako daga Katsina har Kasala da ƙafarta, a ce kuma ta yi tsayuwar shari'a a ranar da rana take a kan mutane. Ina so ta huta. Amma sai na sani. Ya gan ta ko bai gan ta ba?"

Na yi masa irin bayanin da ake biyana albashi a kai. Na ce yaƙi ne, gwamnati ce ta aiko mutumin, shi umarni ya bi.

"Gwamnati ba ta da yatsa, Malam," ya ce. "Mutum ne ya danna."

Maganar ta kwana, ta yi wata, ta shiga wani. Baba ya daina fita, ya rame har zoben azurfarsa ya koma babban yatsa. Duk wanda ya zo dubiya sai ya tambaye shi ko ya taɓa hawa jirgin sama, kuma daga can me ake gani. Alhazan da suka zo ta sama suka ce gajimare suka gani, wasu suka ce ba su buɗe ido ba sai da aka sauka. Ya ce wannan ba hujja ba ce, fasinja daban, matuƙi daban. Gwaggo ta ja ni bayan ɗaki ta ce, "Wannan maganar ce ta tokare shi. Ba ya rayuwa, ba ya tafiya. Kai da ka yi boko, ka nemo masa amsa mana, ko ta ƙarya ce." Na ce ai zai gane. Ta ce ta sani, shi ya sa ba ta yi da kanta ba.

Amsar ta zo ta hannun wani tsohon abokin dakonsa, Bazazzagi, wanda ya koma gadi can wajen Khumra a wani tashlihi, wato filin da ake farke matattun motoci a sayar da gaɓoɓinsu. Ubangidansa Bahadrame, wani Balarabe ɗan kasuwa, ya sayo tsofaffin motocin soja daga Masar, jirgin ruwa guda, sai aka haɗo masa da gawar jirgin sama a ciki, kamar gyaran da mai gyaɗa ke ƙara wa mai saye. A waje tambarin Misirawa ne, amma a ciki duk rubutun boko ne, kuma wani lebura mutumin Asmara ya karanta ya ce harshen Taliyani ne.

"Yana nan kwance kamar mushen raƙumi," in ji mai gadin. "A farfelarsa nake shanya wando."

Baba ya tashi zaune, abin da ya kwana biyu bai yi ba sai da taimako.

A makarantarmu akwai wani malamin kimiyya Bamisire, Ustaz muke ce masa kamar kowa, mutum mai ƙiba da yawan gumi, wanda kafin alli ya yi aikin kanikanci a rundunar saman ƙasarsu. Da na kwatanta masa jirgin sai ya ajiye kofinsa. Ya ce ya san shi kamar yadda ya san surukarsa, kuma kusan haka yake ƙaunarsa. Bayan babban yaƙi, in ji shi, ƙasarsu tana neman jirage ido rufe, Ingilishi suna ja musu rai, sai Taliyani suka ce ga namu. Wasu sababbi ne, wasu kuwa tsofaffin gangar jiki ne aka dasa musu sabon inji aka shafa fenti. Masu shi sun raɗa masa sunan karen farauta, irin siririn nan mai dogon baki. Injin ƙirar Jamus ne, mai gudu, mai kyan murya. An yi shi don ya yi faɗa da 'yan'uwansa jirage a sama, amma aka rataya masa bam a ƙarƙashin kowane fiffike, ya zama yana aiki biyu a kan abincin mutum ɗaya. Sandar mai ta Taliyani baya ake jan ta in ana son gudu, ta Ingilishi kuwa gaba ake tura ta, saboda haka matuƙin da ya koyi aiki a wajen Ingilishi, in ya firgita, sai hannunsa ya yi abin da ya saba. An kai su yaƙin Falasɗinu. Rairayi ya ci injinansu, kayan gyara suka yanke, jirage marasa farfela suka shigo, sai aka tura su gefen fili suna kallon masu tashi har aka sayar da su a kan sikeli.

Na roƙe shi ya raka mu ranar Juma'a da safe. Ya ce, "Me tsohon zai yi da shi?" Na faɗa masa. Ya share gumi, sannan ya ce zai zo.

Muka ɗauki hayar motar kaya. Baba da Ustaz a gaba, ni da Gwaggo a baya a kan tabarma. Baba ne ya ce lalle ta zo, kuma ta taho da tire. Ba ta tambayi dalili ba, ina jin ta gane tun kafin ni. A wancan zamani Khumra ba gari ba ce, fili ne fari fat na gishiri da iska mai zafi, sai shingayen kwano nan da can, da shirwa suna kewaya sama ba tare da wani dalilin da ido ke gani ba.

Jirgin yana can ƙarshen filin, bayan tulin gatarin motoci, an ɗora cikinsa a kan tsofaffin tayoyin babbar mota. Na zaci zan ga abu mai ban tsoro. Sai na ga ƙaramin abu, siriri, kai har da kyau. Fentinsa ruwan ƙasa yana ɓarewa, wani fentin yana leƙowa daga ƙasa. Kunnen farfela ɗaya ya lanƙwashe. An cire fukafukan tun a jirgin ruwa an jingine su da shinge. Wata kyanwa ta fito daga inda hayaƙi ke fita ta dube mu ta koma.

Baba ya zagaya shi da sanda a hankali, bai taɓa shi ba. Ya tsaya ya dubi Ustaz.

"Irin wannan ne ya zo Kasala?"

"Ni ban je Kasala ba, ya Hajji. Abin da na sani, na Taliyani ne, kuma bam yake ɗauka."

"Ya isa," in ji Baba. "A mayar masa da fukafukansa."

Mai gadi ya ce, "Haba Alhaji, tashi za ka yi da shi? In Katsina za ka ka rage mini hanya, a sauke ni a Zariya."

"Kai da ko jaki sai an riƙe maka. Alƙali ba ya yanke hukunci a kan rabin abu. Yadda yake a ranar, haka nake son ganinsa."

Aka kira leburori Yamalawa da ke hutun Juma'a a inuwar wata motar da ba ta da ƙafa. Suka mirgino gangunan mai, suka cicciɓo fukafukan suka ɗora a kai, kowanne a gefensa, Ustaz yana nuna musu inda za su haɗe da jiki, yana ta yalla yalla. Nan gardama ta tashi, domin na hagu ya fi na dama tsawo da kamar kamu guda. Leburorin suka ce an cuci Bahadrame, fukafukan jirage biyu ne aka haɗo masa. Ustaz ya ce a'a, haka aka ƙera shi da gangan: farfela tana juyawa gefe guda, tana son murɗe jirgin, sai maƙerin ya ƙara wa fiffike ɗaya tsawo don ya rama.

Baba ya ce, "Wato sai da aka karkata shi sannan ya miƙe."

"Haka ne, ya Hajji."

"Na san mutane irinsa."

Shigar da shi mazaunin matuƙi ya fi ɗora fukafukan wuya. Ba shi da nauyi, amma ko'ina aka riƙe sai ya ce a nan ne ciwon yake. Ni da mai gadi muka ɗaga shi zuwa kan fiffike, Ustaz ya buɗe murfin gilashin ta gefe, muka zura ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. Kujerar ƙarfe ce tsirara, rana ta gasa ta, sai da na shimfiɗa rawanina. Da ya zauna kafaɗunsa suka taɓa bango hagu da dama, shi da ya rame. Ya dubi agogunan da suka mutu a gabansa, ya ce, "Ƙunci kamar lahadu." Ya sa aka rufe murfin. Gilashin ya yi rawaya ya tsattsage, wani ɓangaren babu shi ma, ta nan muke jin muryarsa.

"Ke, ɗora tiren. Tsawonku ɗaya da uwar wannan. Je ki can wajen shinge ki taho."

"Yaya, da tsufana ka mai da ni 'yar talla."

"Da can ma ba ki iya ba. Je ki."

Ta tafi. Ta gyara mayafi, ta ɗora tiren a ka babu gammo, ta juyo ta fara tahowa ta gaban jirgin. Leburorin da ke dariya suka daina, ban san me suka fahimta ba. Tafiyar ba ta Gwaggo ba ce. Gwaggo takan ja ƙafar hagu. Wannan ta miƙe wuya, hannu ɗaya yana lilo, kuma na tsaya ina kallon tafiyar da ban taɓa gani ba, ko na gani na manta.

"Ina ganinki," in ji Baba daga ciki. "Ina ganinki. Har yanzu." Sai ya miƙa wuya. "Kin tsaya ne?"

"Ina tafe, Yaya."

"Ban gan ki ba."

Hancin jirgin dogo ne, injin duk yana gaban matuƙi, ya tare masa ƙasa. Baba ya sa ta koma ta taho ta dama, ta ɓace a ƙarƙashin fiffike. Ta taho ta hagu, ta fi saurin ɓacewa. Ya ce a buɗe murfin, ya kira Ustaz.

"Amma daga nesa na gan ta."

"Don ka san ƙanwarka ce, ya Hajji, kuma taku kaɗan ne tsakaninku. Shi yana can inda shirwar nan take, ko sama da haka, yana gudun da ba ka taɓa gani ba. Daga can tasha yake gani, da taragu. Mutum bai kai ƙwayar riɗi ba."

"In ya sunkuyar da hancin fa?"

"Yana sunkuyarwa. Amma ba ya saki sai ya fara ɗagowa, lokacin abin da ya auna ya riga ya shige ƙarƙashin hanci. Matuƙanmu sukan dawo su tambaye mu ko an ji labarin inda ya faɗa."

"Ka rantse?"

"A kan wannan jirgin, na rantse."

Duk wannan lokaci Gwaggo tana tsaye a ƙarƙashin farfela inda aka bar ta, tiren yana kanta. Ni da ke ƙasa ina ganin fuskarta. Hawaye ne ke zuba, ba ta share ba, domin mai ɗauke da tire ba ta sunkuyawa, kuma ba ta yi sauti ba.

"Kina nan?" in ji Baba.

"Ina nan, Yaya."

"To ban gan ki ba."

Muka fito da shi. Na ɗauka an gama, sai ya nuna ni da sanda. "Shaida ɗaya ba ta tsai da hukunci. Kuma idona ya yi yana. Hau, Malam."

Na hau. Ciki yana warin tsohon mai da fitsarin kyanwa. Ga ƙananan rubuce-rubuce a jikin kowane maɓalli, da haruffan da na sani a harshen da ban sani ba. A gefen dama wani ya kankare fenti da wuƙa ya rubuta sunan mace da Larabci. Na sa ƙafafuna inda ƙafafun wasu suka goge ƙarfen har ya yi sheƙi. Gwaggo ta sake komawa shinge ta taho. Na gan ta ƙarama, ta ƙara girma, tiren ya fara nutsewa a bayan hancin jirgin, mayafin ya bi shi, sai ya zama babu komai a gabana sai dogon ƙarfe da lanƙwasasshiyar farfela da farar sama. Na san tana nan, taku uku daga inda nake. Na miƙa wuya har kaina ya bugi gilashi.

"Me ka gani?"

"Ban gan ta ba, Baba."

Da na sauko, Baba ya juya ya fuskanci gabas, wajen Makka, ya ba jirgin baya. Ya dogara da sanda da hannu biyu. Bai ɗaga murya ba, kamar mai yi wa maƙwabci magana ta kan katanga. Ya ce Allah ya shaida, akwai wani bawansa Bataliyane da bai san sunansa ba, bai san ko yana raye ba, wanda aka ɗaure a cikin akwatin ƙarfe aka rufe masa ƙasa aka ce ya saki. Ya ce abin da yake nasa a kan mutumin nan, na kwanan da bai yi barci ba da na yaron da ya tashi babu uwa, ya sauke. Sannan ya ce, "Saura mai jini."

Kalmomin da na faɗa a ƙofar ɗaki su na maimaita, guda biyu ne, "na yafe", ba su ƙaru ba. Amma wannan karon sai da na nemo muryata tukuna, kuma Baba bai dube ni irin wancan duban ba.

Ya juya ga Gwaggo. Ta sauke tiren ta riƙe a ƙirji.

"Ni ba a tambaye ni ba," ta ce. "Ni ba miji ba, ba mai jini ba. Ni na tsince ta kawai."

Mai gadi ya kawo ruwa a gwangwani, muka sha, muka hau mota domin mu sami Juma'a a gari. Baba ya yi barci tun kafin mu fita daga gishirin, kansa a kafaɗar Ustaz, Ustaz kuma bai motsa ba har Karantina, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Bai kai aikin Hajjin shekarar ba. Ya ci abinci sosai a makonnin da suka rage, ya yi wa Gwaggo tsiya a kan gishirin miya, ya tafi wata ranar Talata da hantsi ba tare da wata wahala ba. Masu wanka suka ce fuskarsa a sake take. Jirgin kuwa Bahadrame ya sa aka sassare shi da gatari aka sayar wa masu zubin tukwane, saboda haka ina jin akwai gidajen da suka ci shinkafa a cikinsa shekara da shekaru ba su sani ba. Ustaz ya koma ƙasarsu da dangantaka ta yi tsami tsakanin gwamnatoci. Gwaggo ta yi shekaru bayan yayanta, ba ta ƙara ɗora komai a ka ba, ko da yake wannan ƙila wuyanta ne.

Bayan ita ma ta tafi, cikin shekarun saba'in, gari ya cika da kamfanoni da Turawansu. Idan za su koma gida sukan zubar da littattafai, wani mai kanti a Bagdadiyya yana tsincewa yana sayarwa a kan tebur a bakin titi. A nan na sami wani babban littafin Ingilishi mai hotunan jiragen yaƙi, bangonsa ya cire. A ciki na gane jirgin nan tun kafin in karanta komai: dogon hancin, da fiffiken hagu. Na kai littafin gida na zauna da ƙamus, kamar ɗalibin da ya makara.

Littafin ya yabi jirgin. Ya ce yana cikin mafi kyan abin da Taliyani suka ƙera, sai dai ya zo a makare kuma ba a yi shi da yawa ba, domin kusan da hannu ake ƙera kowane ɗaya, kamar takalmin sarauta, alhali abokan gaba suna fitar da nasu kamar bulo. Bai daɗe da fara aiki ba ƙasar ta rabe biyu, kudu ta bi wannan ɓangare, arewa ta bi wancan, aka raba jiragen kamar gado, kowa ya shafa tambarinsa. Jamusawa ma sun ɗebi nasu. Da Misirawa, iyayengiji huɗu ke nan ko biyar ya yi wa aiki, bai ci wa ko ɗaya yaƙi ba.

Ban sami Kasala a shafinsa ba. Na same ta can gaba, a babin yaƙin Habasha da Sudan. Karen farauta bai taɓa zuwa wannan yanki ba, an fara ƙera shi ne bayan an binne mahaifiyata. Waɗanda suka je Kasala manya ne masu inji uku, masu tafiya a hankali. A ƙarƙashin cikinsu akwai wani ɗan ɗaki mai tagar gilashi, inda mutum guda yake zama ba shi da wani aiki sai duban ƙasa.